Baƙar Uwa, Jan Ɗa

Ranar Juma'a aka yi satar, tsakanin kiran salla da saukowa daga masallaci, wato lokacin da kowane namiji a birnin Zariya yake da amsar inda yake, kuma ba mai iya tabbatar da amsar kowa. An ɗauke adakar ƙarfe daga ɗakin karatun Malam Aƙilu, da littattafai goma sha huɗu a ciki, duk rubutun hannun kakansa. Ba a fasa ƙofa ba, don ba a taɓa kulle ta ba. Mutanen unguwar suna alfahari da cewa a wajensu ba a kulle ƙofa, kuma ba su ga dalilin da sata guda za ta raba su da wannan alfahari ba. Abin da ya rage kawai shi ne a gano cewa ɓarawon baƙo ne.

Aka aika a kira Nasidi mai bin sawu. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata tun zamanin En'e, daga gindin Kufena har dazukan da ba su da suna. Takalmin roba ne ya kashe masa sana'a. Tun da rabin gari ya koma sa takalmi iri ɗaya, lamba ɗaya, ƙasa ta daina magana da shi. Rabon da a neme shi shekara shida ke nan, saboda haka da ɗan aike ya zo, sai da ya canza hula.

A bakin ɗakin karatu akwai ɗanyen kwaɓin ƙasa, don ana yaɓen rufi kafin damina ta sauka. A cikinsa ga sawun ƙafa ba takalmi, shiga da fita, babban yatsan hagu a karkace. Mutane kusan arba'in suna tsaye a bayan Nasidi suna jira. Ya daɗe bai ji daɗin a jira bakinsa ba.

"Sawun Bahago ne," in ji shi.

Bahago shi ne maginin da ke yaɓen, mutumin wani ƙauye a bayan Kufena. Kafin ya sauko daga tsani an riga an yage masa riga. Mai unguwa ya ƙwace shi da ƙyar, ya kulle shi a ɗakin ajiyar hatsi da ke cikin zaurensa.

"Zan riƙe shi har jibi Lahadi bayan la'asar," in ji mai unguwa. "In adaka ba ta fito ba, sai 'yan sanda."

Kowa ya san yadda ake tambaya a caji ofis a waɗannan shekaru. Mutum kan amsa laifin da aka tambaye shi, har ya ƙara da wanda ba a tambaya ba.

*

Da safiyar Asabar Nasidi ya koma shi kaɗai. Kwaɓin ya bushe. Ya durƙusa ya sa tsinke a dunduniyar sawun shiga, ya sa a ta sawun fita. Zurfinsu ɗaya. Wanda ya ɗauko adakar ƙarfe cike da littattafai dunduniyarsa kan nutse, takunsa kan gajarta. Bahago hannu rabbana ya shiga, hannu rabbana ya fito. Abu ne da ko makiyayi zai gani, in ba mutum arba'in a bayansa.

Ya miƙe tun rana ba ta ɗaga ba. Ya tafi wajen mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ba Bahago ba ne."

"Jiya ka ce shi ne."

"Sawunsa na ce."

"To, shi da sawun nasa ba tare suke yawo ba?" Mai unguwa ya gyara zama. "Nasidi, samari suna bakin ƙofata tun asuba. In na sake shi yanzu, gawarsa za a kai ƙauye. Kawo mini wani, in ba ka wannan."

Aka buɗe masa ɗakin hatsi. Bahago yana zaune a kan buhu, leɓensa a kumbure.

"Me ya kai ka ɗakin Malam?"

"Buzunsa na je janyewa, Baba. Ƙasa na zubo masa daga sama."

"Adakar tana nan a lokacin?"

"Tana nan, murfinta a ɗage kamar kullum. Daga nan na wanke hannu na tafi masallaci."

"Wa ya gan ka a masallaci?"

"A kan titi na samu sahu. Wa yake kallon magini?" Ya shafa leɓensa. "Baba Nasidi, da gaske ne a caji ofis ana rataye mutum ta ƙafa?"

Nasidi ya duba ƙasa, kamar yadda ya saba, amma ba abin karantawa sai ƙwayar dawa.

*

Ya fara da Alhaji Inuwa, babban ɗalibin Malam Aƙilu, wanda ya shekara ashirin da shida yana ɗaukar karatu a gabansa. Ɗinkin manyan riguna yake yi a zaurensa, gida uku daga na Malam. Ranar Juma'a, da aka kama Bahago, muryarsa ta fi ta kowa tashi.

"Ni dai ban zargi kowa ba," in ji Alhaji Inuwa, allura na shiga tana fita. "Amma ɗan ƙauye ɗan ƙauye ne. In kuma ba shi ba ne, to a tambayi Mustapha, ɗan ƙanin Malam. Watan jiya ya kawo wani malamin jami'a da na'urar ɗaukar hoto. 'Yan boko ba abin da ba za su sayar ba."

A lungun zauren akwai kwando cike da ƙyallaye. Wata baƙar kyanwa ƙirin, ba ko ɗigon fari a jikinta, tana kwance tana shayar da 'ya'ya biyar: uku baƙaƙe, ɗaya mai launi uku, ɗaya ja kamar manja. Nasidi ya miƙa hannu ya ɗauki jan, ya juya shi ya duba ƙarƙashin wutsiya. Ɗabi'ar mai bin shanu ce, ba ya taɓa dabba bai san jinsinta ba. Namiji ne.

"Wannan daga ina ya samo riga?"

"Daga ubansa," in ji Alhaji Inuwa. "Wani jan muzuru ne na wajen mahauta, ba shi da aiki sai tsallake katanga. Ajiye shi, uwar ba ta so."

Nasidi ya ajiye shi ya fita.

Mustapha ma'aikacin binciken dabbobi ne a Samaru. Nasidi ya same shi a ƙofar gida yana wanke mota, hannun riga a naɗe.

"Baba, ni da nake roƙo a ɗauki hotonsu don kada su ɓace, ni zan ɓatar da su? Ran Juma'a ma ni na kai Baffa masallaci a motar nan, ni na riƙe masa hannu har sahu, ni na dawo da shi. Tambaye shi."

"To wa zai so littattafan?"

"Ɓarawo dai ba ya so. Ba a cin su." Ya matse tsumma. "Ran Laraba Baffa ya faɗa a gaban ɗalibai cewa Yaya Barira zai ba wa, 'yarsa mai karantar da matan aure. Ya ce ita kaɗai ke iya karanta rubutun kakanmu ba ta yi tuntuɓe ba. Zauren ya yi tsit kamar an yi mutuwa."

Malam Aƙilu ya tabbatar da zancen motar. Rana ta faɗi, Nasidi bai da kowa a hannu, samari kuma suna zaune a bakin zauren mai unguwa suna shan rake.

*

Da hantsin Lahadi ya sake komawa gidan Malam, ba don yana da abin dubawa ba, sai don zama a gida ya gagare shi. A bakin ɗakin karatu wata kyanwa mai launi uku, baƙi da ja da fari, tana kewaya gurbin adakar tana wani irin kuka. Nonuwanta sun kumbura har suna jan ƙasa.

"Ita kam ba wanda ya yi mata jaje," in ji wata murya a bayansa.

Iya Hajo ce, yayar Malam, tsohuwar da ta wuce shekarun da za a hana ta leƙowa zaure.

"Me ya same ta, Iya?"

"'Ya'yanta aka sace. A cikin adakar ta haihu, mako biyu ke nan, a bayan littattafai. Shi ya sa nake barin murfin a ɗage. Wanda ya ɗauka ya rufe ne ya tafi da su, bai sani ba."

"Don me ba ki faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kun taru ku arba'in kuna kallon taɓo."

Nasidi ya haɗiye wannan. "Su nawa ne?"

"Biyu. Mace mai launi uku irin uwarta, da jan namiji."

Nasidi ya ɗago kai. Ya tuna kwandon ƙyallaye. Amma kowa a unguwa ya ga baƙar kyanwar Alhaji Inuwa da ciki, jan muzurun mahauta kuma ba ƙarya ba ne. Ranar Juma'a ya yi saurin kiran suna, ga abin da ya jawo. In ya sake yi, a kan mutumin da ke jan salla in Malam ba ya da lafiya, ba mai sauraronsa, kuma Bahago ne zai biya.

Ya gwada hanyar da ya sani. Ya kora kyanwar waje ya bi ta, ko hancin uwa zai kai shi wajen 'ya'ya. Ta bi lungu, ta hau katanga, ta sauka, shi yana biye da sanda yana haki, mutane suna leƙe. Bayan kusan awa guda ta tsaya a gaban mai suyar kifi, ta zauna. Mai kifin ta tambaye shi na nawa zai saya.

Ya dawo wajen Iya Hajo azahar ta kusa. Ya zauna a dakali.

"Iya, in baƙar kyanwa ta haɗu da jan muzuru, me za ta haifa?"

"Baƙa ƙirin?"

"Ƙirin."

"Matan za su fito da baƙi da ja a cakuɗe. Mazan baƙaƙe."

"Jan namiji fa?"

"Har abada."

"Ko da uban ja ne?"

"Ko da uban garwashi ne." Ta zauna ita ma, ta miƙe ƙafa. "Nasidi, tun zamanin kakanmu ake kiwon kyanwa a gidan nan saboda ɓera da littattafai. Shi mai launi uku yake so, wai ta fi zama a ɗaki. Sai kakarmu ta riƙa ajiye masu launi uku da jajaye, tana kyautar da sauran. Uwarmu ta gada, ni na gada. Shekara hamsin ina kallon haihuwarsu. Mace riga biyu take ɗaukowa, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba, shi ya sa take iya haɗa baƙi da ja. Namiji riga ɗaya gare shi, ta uwarsa. Ka taɓa ganin muzuru mai launi uku?"

Nasidi ya yi tunani. Bai taɓa gani ba. A daji kuwa, duk shekarun da ya yi, ko ja ko fara bai taɓa gani ba. Kyanwar daji launin ƙasa gare ta da zane-zane, ka taka ta ba ka gan ta ba. Wadda ta fito da wani launi, shaho ne ke fara ganinta. Sai a cikin gari, inda mutum ke ajiye wadda ta burge shi ya ba ta abinci, launuka suka yi yawa kamar rumfar 'yan atamfa.

"In na faɗi wannan a gaban mai unguwa, za a ce zancen tsofaffin mata ne."

"To nemo namiji ya maimaita," in ji Iya Hajo. "Ai haka aka saba."

Ya tafi wajen Mustapha, ya yi masa tambayar ba tare da ya ambaci sunan kowa ba. Mustapha ya ɗauko biro ya fara zane a bayan ambulan, yana ambaton wasu haruffan Turanci biyu.

"Bar zanen. E ko a'a?"

"Baƙar uwa ba ta haihuwar jan namiji, Baba. Jan launi a kan ƙwayar gadon da namiji ke karɓa daga uwa kaɗai yake. Sai da na yi shekara huɗu a jami'a na san wannan. Wa ya gaya maka?"

"Gwaggonka."

Mustapha ya mayar da biro aljihu.

*

Bayan la'asar zauren mai unguwa ya cika. Malam Aƙilu yana kan buzu, idanunsa da suka fara dushewa suna kallon bango. Mustapha yana gefensa. Alhaji Inuwa yana jan carbi. An fito da Bahago an zaunar da shi kusa da ƙofa, mutum biyu a kansa. A waje an riga an tsayar da motar haya da za ta kai shi. Iya Hajo ta tsaya a ƙofar cikin gida, inda ba za a ce ta shigo ba, ba kuma za a ce ba ta nan ba.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon a aika gidan Alhaji Inuwa a ɗauko kwandon kyanwarsa," in ji Nasidi.

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce tsufa ba shi da magani. Mai unguwa ya dubi agogo, ya dubi Nasidi, sa'annan ya ɗaga wa dogarinsa hannu. Nasidi ya tsaya yana kallon ƙofa. In an riga an kawar da 'ya'yan, shi ke nan.

Kwando ya iso. Biyar suke.

"Alhaji, duk biyar ɗin nan baƙar ce ta haife su?"

"Wace irin tambaya ce wannan a gaban manya? Ita ta haife su."

"A gabanka?"

"A zaurena, a gabana."

Nasidi ya ɗaga jan, ya juya shi ga mai unguwa. "Namiji ne, ranka ya daɗe, a duba." Sa'annan ya ba da labarin kyanwar gidan Malam da ta haihu a cikin adaka, da 'ya'ya biyun da suka tafi tare da littattafai. "Mai launi ukun nan ba zan yi musu a kanta ba, baƙa tana iya haifarta. Amma wannan, a tambayi Iya."

"Ɗan gidanmu ne," in ji Iya Hajo daga ƙofa. "Baƙa ba ta haihuwar jan namiji."

"Yanzu da zancen tsohuwa za a yi mini shari'a?" in ji Alhaji Inuwa.

"Da na jami'a ma, Alhaji," in ji Mustapha. "Ni da Gwaggo ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan maganin mura. Amma a wannan, gaskiyarta. In kana so mu je Samaru gobe a tara maka likitocin dabbobi."

"Allah yana halittar abin da Ya so."

"Haka ne," in ji mai unguwa a hankali. "Shi ya sa za mu je mu duba ɗakunan gidanka, mu ga ko Ya halitta adaka a ciki."

Ba wanda ya yi dariya. Carbin ya tsaya a hannun Alhaji Inuwa. Malam Aƙilu ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji numfashin ɗalibinsa.

"Inuwa."

Sunan kawai ya kira. Alhaji Inuwa ya sunkuyar da kai har rawaninsa ya taɓa gwiwa.

"Tana ƙarƙashin gadona, Malam. Na naɗe ta a cikin riga na fito da ita. Ko takarda ɗaya ban taɓa ba. Shekara ashirin da shida ina zaune a gabanka. Ina riƙe maka buta. Sai ka ce mace za ka ba wa, ta kai su ɗakin miji."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Waɗanda suka yage rigar Bahago ranar Juma'a su ne suka fi kowa salati, suna cewa dama tun farko abin bai kwanta musu ba. Mai unguwa ya buga sanda a ƙasa.

"Abu ɗaya ban gane ba, Alhaji," in ji shi. "Da ka buɗe ka ga 'ya'yan kyanwa, me ya hana ka jefa su bayan ganuwa? Da yanzu ba mai zancenka."

Alhaji Inuwa ya ɗago, kamar an zage shi.

"In jefar da su su mutu da yunwa? Malam ne da bakinsa ya karantar da mu azabar wanda ya zalunci kyanwa. Ina tsoron Allah, ranka ya daɗe. Har madarar gwangwani na sayo, don nonon uwar bai isa biyar ba."

Mutum biyun da ke kan Bahago sun riga sun ja da baya, kamar ba su taɓa saninsa ba. Ya miƙe a hankali, yana riƙe da yagaggiyar rigarsa a ƙirji. Nasidi ya matso kusa da shi. Bahago bai ko dube shi ba. Ya zo ya tsaya a kan kwandon, ya daɗe yana kallon 'ya'yan suna tsotso, cikinsu ya yi tumbur.

"Sun yi ƙiba, masha Allah," in ji shi. Sa'annan ya dubi Alhaji Inuwa. "Kwana biyu ina ɗakin can, Alhaji, gida shida tsakaninmu. Ni ko ruwa ba ka aiko mini ba."